Telar da Ta Auna Layi

Layin ya gangaro ne daga babban titi har ya tokare da katangar makarantar firamare, gida talatin da ɗaya, hagu da dama. An taɓa zuba masa kwalta, amma tsofaffin layin ne kaɗai za su iya rantsuwa a kan haka. Abin da ya rage ramuka ne, da wani kwari da ruwa ya ƙwaƙule a tsakiya, sai kuma babban rami ɗaya daidai ƙofar shagon Anti Tela, wanda ko da rani ba ya rabuwa da baƙin ruwan wankin da ke gangarowa daga gidajen sama.

Anti Tela ta shekara goma sha tara tana ɗinki a ɗakin gaban gidansu. Mace ce mai ƙaramin jiki, ba ta da yawan magana, kullum tef ɗin awo na rataye a wuyanta, har takan manta ta shiga kicin da shi. Mijinta direban bas ne, amma ba mai kiransa Direba. Lauya ake ce masa, saboda in ya kama gardama ba ya saki sai abokin gardamar ya tuna yana da wani uzuri a wani wuri.

Wata Talata ta gama ɗinkin fararen riguna arba'in na 'yan makarantar, ta goge su, ta jera a kan benci a baranda tana jiran a zo a ɗauka. Sai ga tifar Mai Bulo, wanda ke da wurin buga bulo a can ƙarshen layin, ta shigo maƙare da yashi, ta danna tayarta cikin ramin. Ruwan ya tashi har saman ƙofa. Anti Tela ta tsaya da dutsen guga a hannu tana kallon rigunan. Kwana biyu ta yi tana wanki, shida daga ciki suka ƙi fita, dole ta sake yanka sababbi da yadinta.

A wannan makon ne takarda ta zo daga ofishin ayyuka na gari. An ce za a sake gina layin gaba ɗaya, da kwalta da magudanar ruwa gefe biyu, in har mazauna layin za su ɗauki kashi ɗaya cikin uku na aikin. In ba su amince ba cikin wata biyu, sunan layin zai koma ƙasan jeri, wanda wasu suka ce shekara shida ke nan, wasu suka ce sai jikoki.

Ranar Asabar da la'asar aka taru a wani aji na makarantar. Manyan mutane suka matse kansu a bencinan yara, gwiwoyi na dukan teburi. Tsohon Hedimasta, wanda ya yi ritaya amma har yanzu in ya yi gyaran murya kowa ke gyara zama, shi ya karanta takardar. Bai kai ƙarshe ba aka fara.

Mai Kemis, da yake shagonsa na can sama kusa da babban titi, ya ce shi ruwa bai taɓa shiga masa ba, ya rasa dalilin da zai biya wa mutanen gangare. Mutanen gangare suka ce ai ruwan rufinsa ne ke kwana a ɗakunansu. Masu tafiya a ƙasa suka ce masu mota su biya tunda su ke kashe hanya. Masu mota suka ce su ne ma suka fi cutuwa, a je a tambayi makanikansu. Goggo, wadda ke da gidan haya mai ɗaki goma, ta ce 'yan haya ne ke taka hanyar, ita ko ƙofar gida ba ta cika fita ba. 'Yan haya suka ce ba za su gyara wa mai gida kadara ba, don ranar da aka gama, ranar za ta ƙara kuɗin haya. Mai Bulo bai zo ba, ya aiko cewa yana gaida kowa.

Sai Lauya ya miƙe. Ya ce shekara ashirin yana biyan haraji, na mota daban, na gida daban, kuma duk rasit ɗin na nan a akwati. Hanya aikin hukuma ce, in aka saba mata da karɓa, gobe cewa za ta yi a kawo kuɗin fitilar titi, jibi na iskar da ake shaƙa. Sannan ya tuna musu da shekara takwas baya, lokacin da aka yi karo-karo don cike ramukan nan, ma'ajin ya yi sama da faɗi da kuɗin, ya tashi daga unguwar ko sallama babu.

"Ni dai ko sisina ba zai sake shiga hannun wani ba," in ji shi. "Ko da kuwa hannun ɗan'uwana ne."

Aka tafa masa, har da waɗanda ɗazu suke zagin juna. Taro ya watse ba a cimma komai ba. Anti Tela na can bencin baya, ta tafa sau biyu don kar a ce ba ta tafa wa mijinta ba.

Ranar Litinin da safe, tana zuba masa shayi, ta tambaye shi ko shi ba ya son hanyar ne. Ya ce wa ya fi shi so? Shekara uku ke nan yana ajiye bas ɗinsa a can bakin titi ya tako gida da ƙafa, saboda sifirin ɗin ƙafar mota har biyu da layin nan ya karya masa. Ba hanyar yake ƙi ba, miƙa kuɗi yake ƙi. Ya sha shayinsa ya fita.

Ta zauna a keke ta kasa ɗinki. Wata kwastoma ta shigo da yadi a leda, ta ajiye, aka gwada ta, ta tafi. Anti Tela ta bi ledar da kallo. Shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa zarginta da cin kuɗin yadi, don kowa da kansa yake zuwa kasuwa ya zaɓo, ya kawo, ita nata ɗinki ne. Ta rufe shagon, ta yafa mayafi, ta nufi ofishin ayyuka.

Kwana uku ta jera tana zuwa. Ranar farko an ce Injiniyar da ke kula da aikin ta fita, ta biyu an ce tana taro. Rana ta uku Anti Tela ta tafi da rigar da take wa sa maɓalli, ta zauna a bencin ƙofa tana aikinta har Injiniyar ta dawo. Matashiya ce, da takalmin aiki duk taɓo, da alama ta gaji da jin koke. Anti Tela ba ta yi koke ba. Ta tambaya ne kawai ko kashi ɗayan nan dole sai kuɗi, ko kuwa mutane na iya kawo kaya, siminti da yashi da tsakuwa da rodi, kowa ya sayo da hannunsa ya ajiye inda kowa zai gani.

Injiniya ta ajiye hular kwanonta, ta buɗe wani ƙaton fayil ta yi ta dubawa. Ta ce ba inda aka hana, in dai kayan sun kai ingancin da ake so, kuma aikin ƙarfi ma ana iya lissafa shi. Matsalar ita ce sai an auna faɗin gaban kowane gida kafin a san rabon kowa, ga shi mai awon ofis ba zai samu sarari ba sai bayan mako biyar. Anti Tela ta ce ita za ta auna. Injiniya ta kalli ɗan tef ɗin da ke wuyanta, ta yi dariya, ta ce da wannan sai damina ta zo ta wuce.

Da ta koma gida ta ɗauko kirtanin labule mai kauri wanda ba ya miƙewa, ta haɗa shi har mita goma, ta bi shi da jan zare tana sa alama a kowace mita, da baƙin zare a kowane kwata. Kashegari ta kai shi ofis. Injiniya ta shimfiɗa shi a baranda kusa da nata tef ɗin ƙarfe, ta durƙusa ta duba. Bambancin bai kai faɗin farce ba. Ba ta sake dariya ba, ta miƙa mata takardun da za a cike, ta kuma rubuta mata lambar wayarta.

Tsohon Hedimasta ne ya yarda ya riƙe mata ɗaya bakin kirtanin, shi ke rubutawa. Suka fara daga sama. A kowane gida sai sun sha bayani kafin su yi awo, kuma Anti Tela ta gano cewa mutum in yana ƙofar gidansa ya fi sauƙin kai fiye da in yana cikin taro. Mai Kemis ya sake maimaita maganarsa, sai ta roƙi bokitin ruwa ɗaya, ta sheƙa a bakin shagonsa, ta ce ya zo su bi shi. Suka bi ruwan da ƙafa, yana karkata, yana haɗuwa da na wasu, har ya tsaya a bakin ƙofar wata tsohuwa mai saƙa tabarma da ke zaune ita kaɗai a gida na ashirin da shida. Tsohuwar ta ɗaga kai ta gaishe shi, ta tambayi iyali. Mai Kemis ya sosa ƙeya, ya ce a rubuta masa nasa, a haɗa da rabon tsohuwar.

Tsohuwar ta ce ba ta yarda a ɗauke mata duka ba. Ba ta da kuɗin siminti, amma ta ji an ce sabon kankare na son a riƙa ba shi ruwa safe da yamma, wannan kam ta iya. Hedimasta ya rubuta.

Gidan Goggo ne ya ci musu yini guda. Aka kai ruwa rana, ita tana ɗaki tana magana ta taga, 'yan haya na tsakar gida. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa Goggo za ta sayi simintin, mazan gidan su yi haƙar magudana na kwana huɗu, ita kuma ba za ta ƙara haya ba sai bayan shekara biyu. Goggo ta sa hannu tana mita, ta ce an haɗa baki da tela an yi mata ɗinkin da ya matse ta.

Kafin mako uku, buhunan siminti sun fara taruwa a barandar Anti Tela, kowanne da lambar gidan mai shi da allin tela. Ta haɗa tsofaffin tampol uku ta ɗinke ta lulluɓe su. Duk wanda ya wuce sai ya ɗaga ya leƙa ya ga wa ya kawo, wa bai kawo ba, kuma wannan leƙen ya fi kowace takardar tuni aiki.

Gida biyu ne suka rage. Ɗaya na Mai Bulo ne, ɗayan kuma nata.

Lauya bai hana ta ba, amma ya sha mur. Kullum sai ya raɓa ta gefen buhunan ya shige gida kamar bai gan su ba. A tashar mota abokansa suna tsokanarsa, wai matarsa ta ɗaukaka ƙara kuma ta yi nasara. Ita kuma abin na damunta fiye da yadda take nunawa, don ta san in lambar gidansu ba ta bayyana a kan buhu ba, wasu za su fara janye nasu. Tana da 'yan kuɗinta da za ta iya sayowa, amma ba ta so ta yi abin da zai zama ta kunyata shi a gaban layi.

Mai Bulo kuwa ya karɓe su da fara'a, ya sa aka kawo musu kujeru. Ya ce ai shi mai bin doka ne, a auna ƙofarsa. Aka auna, mita huɗu da kwata, mafi ƙanƙanta a duk layin, don filin nasa ta ciki ya buɗe. Ya ce to a rubuta masa na mita huɗu da kwata, ai su suka kawo tsarin. Da Anti Tela ta kira Injiniya, sai ta ji abin da ya fi haka muni: kwaltar da aka tsara ta ƙananan motoci ce, in tifofi suka ci gaba da bi, ba za ta kai shekara biyu ba. Yin mai kauri kuwa zai ninka tsakuwar da ake bukata, ga shi saura kwana goma sha biyu wa'adi ya cika.

Da yamma Lauya ya dawo ya same ta zaune a kan buhun siminti, kirtanin na naɗe a cinyarta. Ta ba shi labari ba tare da ta roƙe shi komai ba. Ya tsaya da mabuɗin mota a hannu.

"Mita huɗu da kwata ya ce?"

"Haka ya ce, Baban yara. Kuma bisa tsarin da na kawo, yana da gaskiya."

"Yana da gaskiyar ƙofa," in ji Lauya. "Ba shi da ta taya."

Ba ta taɓa ganin ya yi wanka da sauri irin na washegari ba. Ya bar wa wani direba bas ɗin, ya sa rigarsa ta zuwa taro, ya tafi ofishin ayyuka ya ce a ba shi dokar nauyin mota a titunan unguwa. Ya zauna ya karance ta tas, ya sa aka buga masa shafi biyu. Daga nan ya zarce wurin Mai Bulo, Anti Tela da Hedimasta na biye da shi.

Awa uku aka yi. Lauya ya fara da nauyin tifa in ta ɗauki jiƙaƙƙen yashi, ya bi ta kan yawan sawun da take yi a rana, wanda ya sani sarai don yana ganinta daga tasha. Mai Bulo ya ce yana biyan haraji. Lauya ya ce wannan maganar tasa ce, shi ya fara yin ta a layin nan, kuma ya fi kowa sanin inda ta tsaya. Mai Bulo ya ce yana da baƙi. Lauya ya ce zai jira su tafi. Sai ya shimfiɗa shafi na biyu, inda aka ce in kashi biyu cikin uku na mazauna layi suka sa hannu, ofis zai kafa ƙarfe a bakin layin wanda babbar mota ba za ta iya wucewa ta ƙarƙashinsa ba. Hedimasta ya yi gyaran murya ya ce gida ashirin da tara ne a littafinsa.

Mai Bulo ya kalli tifofinsa biyu, ya kalli tulin tsakuwar da ke bayansa. Can ya yi dariya, ya ce shi fa dama yana da niyya, so yake ya ga ko da gaske ake. Ya ɗauki nauyin duk tsakuwa da yashin aikin, da jigilarsu.

A hanyar dawowa Lauya ya ce wa matarsa kar ta ɗauka ya canja ra'ayi. Har gobe hanya aikin hukuma ce. Ta ce ta sani. Kwana biyu bayan haka ya shigo da bas ɗinsa cikin layin, a hankali, yana kauce wa ramuka, kujerun baya cike da siminti. Ya sauke da kansa, ya karɓi allin ya rubuta lambar gidansu da manyan baƙi. Sannan ya koma ofis ya kafe cewa ba za a fara aiki ba sai an rubuta, an buga hatimi, cewa duk gyaran da ya taso cikin shekara biyar na ofis ne, ba za a sake tambayar mazauna ko buhu ɗaya ba. Shugaban sashen ya yi ta zillewa, amma a kwana na huɗu ya sa hannu, aka ce ya gaya wa masinjansa in ya sake ganin mutumin nan ya ce masa shugaba ya yi tafiya.

Ranar da gireda, motar baje hanya, ta shigo layin, ba wanda ya tafi aiki da wuri. Aka yi wata ɗaya da rabi ana fama. 'Yan hayar Goggo suka yi kwana huɗunsu suka ƙara biyu. Mai Kemis ya riƙa aiko wa leburori ruwan sanyi. Tsohuwa mai tabarma tana bin magudana da butarta safe da yamma, in wani ya taka ɗanyen kankare sai ya ji ta bakinta. Lauya ya naɗa kansa mai duba aiki, har ya sa aka fasa wata kwalbati aka sake don ya ƙirga rodin ya ga saura ɗaya. Anti Tela kuwa ta koma kan kekenta, sai dai kowace safiya ita ke buɗe tampol ta miƙa wa birkila buhunan ranar a gaban duk wanda ke wurin.

Da aka gama, shugaban ofis ya zo da mai ɗaukar hoto, ya tambayi waye shugaban kwamiti. Aka kalli juna, don ba a taɓa kafa kwamiti ba. Injiniya ce ta shiga shagon ta janyo Anti Tela da allura a baki, ta tsayar da ita a tsakiya. Layin ya ɗauki tafi daga sama har katangar makaranta, kuma wanda ya fi kowa ƙarfin tafi shi ne Lauya, yana gaya wa na kusa da shi cewa tun farko ya san za a yi.

Ruwan farko ya sauko ne wata Laraba da azahar, kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka fito ƙofofinsu suka tsaya suna kallo. Ruwan ya bi magudana gefe biyu yana gudu, ya shige kwalbati ya ɓace, kwaltar na ta ƙyalli. Anti Tela ta koma ciki ta zauna kaɗan kafin ta sake fitowa.

Da ruwan ya ɗauke, ta shiga ɗaki ta buɗe kwalin wani farin takalmi da ƙanwarta ta kawo mata tsaraba tun shekara huɗu, wanda ba ta taɓa sakawa ba. Ta sa shi, ta taka tsakiyar titin tun daga ƙofarta har bakin babban titi, tana amsa gaisuwa hagu da dama. A can ta tarar da mata uku daga layin baya suna jiranta, sun ce nasu layin gida arba'in ne kuma ba wanda ke magana da wani. Ta ce su zo gobe da hantsi, bayan ta sallami masu karɓar ɗinki.